Mashigin Magana

A kasuwar shanu ta Kusuri
babu wanda bai san bakin Garga ba.
Ya taya da Fillanci, ya ce albarka da Hausa,
ya rantse wa Bashuwa da Larabcinsa,
in jandarma ya zo da takardar tara
ya lallaɓa shi da Faransanci har ya sha shayi ya wuce.
Harshe huɗu a baki ɗaya,
ba wanda ya taɓa taka sawun wani.
Da la'adarsu aka yi mana rufin kwano.

Ran wata Talata, gab da la'asar,
buta ta suɓuce daga hannunsa na dama.
Ya dube ta. Ya dube ni.
Ya buɗe baki, sai iska.

Muka haye gadar Ngeli da shi a bayan a-kori-kura.
A Njamena likita ta ɗaga hoto gaban fitila:
ga cikin kan ubana, tamkar goro an ɓare,
a ɓarin hagu wani tabo da bai kai dabino ba.
Ta ce, "Rumbun bai ƙone ba,
hanyar ce ruwa ya cinye.
Nan ake karɓar sauti, can a gane nufi,
gaba kaɗan a jera kalma bayan kalma
sannan a aiki leɓe da harshe,
duk kafin ƙiftawar ido."
Na ce a raina, ashe kowace sannu fatake ce,
sai ta biya kuɗin fito a mashigi bayan mashigi,
mu kuwa muna watsar da ita kamar ɓawon gyaɗa.

A gida, in yana son ruwa sai ya ce kogi.
Yana son cokali, ya ce wuƙa,
ya girgiza kai, ya sake cewa wuƙa,
ya bugi tabarma da hannun da ya rage masa.
Kalmar da ya aika a kira ba ta gida,
maƙwabciyarta ke fitowa ta amsa.

Amma Fatiha na zuba ba gargada.
Lissafi na nan, daga dala har jaka.
Ran da akuya ta tsoma baki a kununsa
ashar ya fito cikakke, da wasalinsa da komai,
har Inna ta yi dariya tana share hawaye.

Sunana ne ya ƙi.
Ya san ni, idonsa na faɗa.
Sai ya zo bakin sunan ya tsaya
kamar saniya a bakin ruwan da ba ta ga ƙasansa ba.

Cikin dare kuma yakan yi wata magana
wadda babu mai ji a gidan nan.
Inna ta ce iska ne, a nemo rubutu.
Sai Ya Falmata mai bandar kifi
ta shigo karɓar bashi, ta kasa kunne,
ta aje tirenta a hankali:
"Wannan ai Kotokanci ne, irin na Gulfe.
Tambaya yake ko an ɗaure kwalekwale."

Kakarsa ce ta goye shi, can bakin Shari,
ta rasu bai yi kaciya ba.
Shekara sittin yaren na kwance a ƙasan tulu,
sai da aka kwashe na sama ya taso.

Yanzu kullum da hantsi nakan baje kaya gabansa:
goro, carbi, madubi, igiyar shanu.
In ɗaga, in jira.
Wata rana biyu su fito, wata rana babu.
Na koyi kame bakina,
don mai gyaran gada ba ya son a ɗauke shi a kafaɗa.

Jiya, da kayan suka ƙare,
na nuna ƙirjina.
Ya haɗiyi yawu. Jijiyar wuyansa ta miƙe.
Ya ce, "Kal…"
sauran ya maƙale a wancan ƙetaren.

Na ce, "Na'am, Baba."
Tume za ta iso, in ruwa ya janye.